Yadda ake shirya wasan kacici-kacici na yawon ƙafa a Birnin Damagaram

Wasan ba shi da wuyar fahimta. Mutum uku ko huɗu su karɓi ɗan littafi, ko saƙo a salula, su shiga Birni, tsohuwar unguwar Zinder (Damagaram), a ƙafa ba tare da ɗan jagora ba. Kacici-kacici na farko ya kai su wani wuri, a can su nemo amsa a jikin gini ko dutse, amsar ta buɗe musu hanyar wuri na gaba, haka har su kai ƙarshe. Malamin lakwal zai iya shirya wa ɗalibansa, ƴan fadar matasa za su iya shirya wa unguwarsu, mai baƙi daga Maradi ko Kano zai iya miƙa musu ya ce su je su ga gari da idonsu.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da wasan gaba ɗaya: amsa ta kasance a jikin wurin, a gan ta daga kan hanya, kuma kada a same ta sai an je. Tambayar da za a iya amsawa ana zaune a kan tabarma da intanet a hannu ba ta wannan wasa ba ce. In kun tambayi shekarar da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder aka kai Yamai, ɗan makaranta zai ce 1926 tun bai sa takalmi ba. In kuwa kun ce a ƙidaya zankwayen da ke saman wani zaure, wato tsinayen adon da ke kan soro, dole sai an tsaya a gabansa an ɗaga kai. Ɗaga kan nan shi muke nema, domin mutane da yawa sun girma a garin nan suna wuce zayyanar gidajen Birni kullum ba su taɓa tsayawa sun dube ta ba.

Zaɓen hanya

Ku fara da Birni shi kaɗai. Kwaɗayin haɗa Birni da Zango a wasa guda yana kama duk mai shiri na farko, amma tsakaninsu akwai tafiya a kan manyan tituna inda babu inuwa, ga motoci da ƴan kabu-kabu, kuma babu abin warwarewa a hanya. Rukunin da ya hau babur a tsakiyar wasa ya riga ya fita daga cikinsa. Zango yana da nasa labarin da ya ishe shi wasa na daban: masaukin fatake da ayarin raƙuma, cinikin da ya haɗa garin da Agadas da Kano har Tarabulus, da attajirai irin su Malam Yaro. Ku ajiye shi ya zama na biyu.

Tashoshi bakwai sun isa, kuma tsawon hanyar kada ya wuce kilomita 3. Ga lissafin: rukuni mai tafiya yana karatu yana gardama ba ya cin fiye da kilomita 3 a awa guda, minti 60 ke nan, kowace tasha minti 10, ya zama 70, gaisuwa da shan ruwa da ɓatan hanya ku ba su minti 30. Jimla awa biyu da minti 40. Wanda ya sa tashoshi goma sha biyu zai ga mutanensa sun watse a ta takwas. Tazarar da ke tsakanin tasha da tasha ta kasance daga mita 200 zuwa 500. Ƙasa da haka, suna hango ƴan rukunin da ke gabansu suna nuna amsa da yatsa. Sama da haka, hira ta ɗauke hankali.

Abin gani bai yi wa Birni kaɗan ba, zaɓe ne aikin. Akwai ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, da dogarai cikin ja da kore. Akwai ragowar ganuwar da aka sani da Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan ya mai da Damagaram ƙasa mai ƙarfi har ana ƙera igwa a cikin garin. Akwai gidan da ake nuna wa baƙi a matsayin masaukin Heinrich Barth, Bajamushen da ya zauna a Zinder daga ƙarshen Disamba 1852 zuwa ƙarshen Janairu 1853. Akwai manyan duwatsun da gidaje suka ratsa tsakaninsu, da rumfunan dukawa, da fuskokin zaurukan da magina suka yi wa ado. Wannan unguwa da fadarta suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tun 2006 don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Ku gauraya: tasha mai tarihi, sai mai ado, sai ta sana'a. In kun jera zaure uku a bayan juna, na ukun ba wanda zai dube shi da kyau.

Wurare uku kada su zama tasha ko kusa da tasha. Na farko barikin soja da ke tsohuwar ganuwar Faransawa, wadda aka fara kira da sunan Cazemajou, wani kyaftin na Faransa, daga baya aka sa mata sunan Tanimun. Tarihinta na da muhimmanci, ku rubuta shi a cikin littafin, amma samari huɗu tsaye da taswira da salula a kusa da soja neman magana ne. Kada a ɗauki hoto, kada a yi nuni da waya. Na biyu maƙabarta. Na uku duk inda sai an hau ko an jingina da tsohon gini. Ragowar ganuwa ƙasa ce, ƙafar yaro ɗaya tana zubar da abin da ya shekara fiye da ɗari yana tsaye.

Izini kafin alƙalami

Birni ba gidan kallo ba ne, gidajen mutane ne. Kafin ku rubuta layi ɗaya, ku je wurin mai unguwa ku yi gaisuwa, ku nuna masa hanyar, ku faɗa masa ranar da adadin mutanen. Duk gidan da zaurensa zai zama tasha, a sami maigidan a zauna da shi. A ce masa: “Baba, yara za su tsaya a waje su dubi zanen da ke saman ƙofa, ba za su shiga ba, ba za su taɓa ba, ba za su ɗauki hoton kowa ba.” In ya ce a'a, a gode masa a nemi wani gida, kada a je da niyyar lallashi. Abin da ya shafi ƙofar fada kuwa, sai an bi ta hannun fadawa, su ne za su faɗa muku inda za a tsaya da inda ba a wucewa. In ɗaliban lakwal ne, ko mutanen sun haura ashirin, a sanar da ofishin magajin gari da takarda.

Wannan zagaye yana cin kwanaki, amma a cikinsa ne ake samun mafi kyawun tambayoyi. Tsohon magini zai nuna muku abin da idonku ya tsallake. Dattijon da ke zaune a ƙofar gida zai faɗa muku sunan da ƴan unguwa ke kiran wani dutse ko lungu da shi, da inda wata ƙofar ganuwa take a da. Kuma duk wanda aka shawarta ya zama mai tsaron wasan: ranar da rukuni ya ɓace, shi ne zai ce musu “ku koma baya, kun wuce.”

Rubuta kacici-kacicin

Kowace tasha tana da shafi ɗaya, shafin kuma kashi uku: abin da zai kai su wurin, abin da za su nema a wurin, da ɗan bayani na layi huɗu ko biyar da za su karanta bayan sun samu. Kada a haɗa wahala biyu a shafi guda. In gano wurin na da wuya, tambayar ta yi sauƙi. In wurin sananne ne kamar ƙofar fada, a nan za a tsaurara tambaya.

Hanya mafi daɗi ita ce a ɓoye sunan abin da za a ƙidaya a cikin kacici-kacici irin na gida. Misali:

“Bakinsa a buɗe duk shekara, amma sai da damina yake magana. Nawa ne a bangon da ke kallon hanya?” Indararo ke nan.

“A daji ina tsaye, ƴaƴana na ba da muruci, a gari ina kwance, ina ɗauke da rufi.” Azara, wadda ake tsagowa daga giginya.

“Kunnuwan zomo a kan soro, ba sa ji, ba sa motsi.” Zankwaye.

Mai wasa ya yi aiki biyu: ya gano abin, sannan ya nemo shi a jikin gini. Wanda bai taɓa sanin sunan zanko ba ya tafi gida da shi.

Ƙidaya ita ce inda wasanni suka fi lalacewa, don haka a nan za mu daɗe. Adadin kada ya wuce tara; sama da haka mutum huɗu za su kawo amsa uku. A faɗi takamaiman inda za a tsaya da fuskar da za a duba, domin wanda ya tsaya a kusurwa yana ganin zankwayen bango biyu, na tsakiyar hanya yana ganin na bango ɗaya. A yanke hukunci a kan abin da ya karye: zankon da ya gutsure rabi, a ƙidaya shi ko a bar shi? In tambayar ta taso a zuciyarku, za ta taso a tasu, gara a sauya gini. Kada a ƙidaya abin da ke motsi ko ake ɗaukewa: dawakan ƙofar fada, dogaran da ke zaune, tulunan mai shayi, fatun da aka shanya. Launi ma abin tsoro ne, saboda ana sabunta fenti gab da Sallah, koren jiya ya wayi gari shuɗi. Abin da aka tono ko aka ɗora a jikin yaɓe ya fi launi daɗewa: dagi, takobi, da'ira, tauraro, ko shekarar gini da wasu masu gida ke sawa a saman ƙofa. Shekarar da aka rubuta a jikin gida kyauta ce ga mai shirya wasa, sai dai a duba ko ta Hijira ce ko ta Miladiyya, a kuma faɗa a cikin tambayar.

Kwatance shi ne rami na biyu. “Dama” da “hagu” sun dogara da inda mutum ya fuskanta, kuma rukunin da ya zagaya gini yana neman amsa ba ya tuna ta ina ya shigo. Ku riƙa ɗaure kwatance da abu tsayayye: “Ku ba ƙofar baya, dutsen ya kasance a hannun damanku, ku bi lungun da ke gabanku.” Gabas da yamma sun fi, amma akwai abin lura. Gabas ɗin da mutanen gari ke nufi ita ce alƙibla, alƙiblar Zinder kuwa ta karkata arewa da gabas ta kamfas da kusan digiri 20. Rukunin da ya bi kamfas ɗin salula da wanda ya bi fuskar masallaci za su iya shiga lungu daban-daban a mararraba mai rassa da yawa. Ku zaɓi ɗaya ku faɗa a shafin farko. Mu mun fi son alƙibla, domin kowane masallacin unguwa yana nuna ta, ba ta bukatar caji.

Kada a auna hanya da taku. Takun babba ya kai santimita 70, na yaro wajen 50. A taku ɗari bambancin ya zama mita 20, wato ƙofa uku ko huɗu a Birni. Ku ce “mararraba ta biyu” ko “bayan masallaci”. Haka nan GPS na salula yana kuskuren mita 5 zuwa 10 ko a fili, a lungu mai dogayen katangu ya fi haka, sai ɗigon ya nuna mutum a cikin gidan wani. Taswirar hannu mai alamomi biyar ko shida da kowa ya sani ta fi shi amfani a nan.

In amsar kalma ce, ku zana gurabun haruffanta. Sunayen garin nan suna da rubutu biyu, na Hausa da na Faransanci: Tanimun harafi bakwai, Tanimoune tara, Zango biyar, Zengou shida. Gurabu bakwai a takarda sun kashe gardamar. In kuma kuna mai da lamba harafi, ku buga teburin a cikin littafin, domin wanda ya yi lakwal zai ƙidaya haruffa 26 na Faransanci, wanda ya yi yaƙi da jahilci zai sa ɓ da ɗ da ƙ a cikin nasa jerin, harafi na goma ya zama daban a wurin kowa.

Ajami, hisabi da kwaɗon ƙarshe

Tasha ɗaya aƙalla ku yi ta da ajami. Tana ba wanda ya yi makarantar allo damar ya zama gwanin rukuni, kuma abin da garin ya yi rubutu da shi ke nan tun kafin zuwan boko. Hisabin abajada yana mai da kalma lamba: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har ya 10, kaf 20, lam 30, mim 40, nun 50, ra 200. Ba a ƙidaya wasali, baƙaƙe kawai. “Malam” mim, alif, lam, mim ne: 40 da 1 da 30 da 40, 111. “Birni” ba, ra, nun, ya: 2 da 200 da 50 da 10, 262.

Tarkon da ke ciki shi ne abajada iri biyu ce. A lissafin Magariba, wanda malaman ƙasarmu suka gada, sin 300 ne, shin 1000, gain 900. A na Gabas, wanda aka fi samu a intanet, sin 60 ne, shin 300, gain 1000. Sad da lad da za mai hannu su ma sun saɓa. Saboda haka ku guji kalmar da ke da s ko sh, da mai g, tunda da gain ake rubuta g a ajami. “Dagi” da “soro” ba za su yi ba. Ku kula da fa da ƙaf kuma: a rubutun allo fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, alhali haruffan kwamfuta suna sa wa fa ɗigo ɗaya a sama. In dole ne, a rubuta da hannu a ɗauki hoto. Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: kada aya ko sunan Allah su shiga takardar wasa, domin takardar za ta faɗi ƙasa, za a naɗe ƙosai da ita.

Ƙarshen wasa yana son abin taɓawa. Ƙaramin akwatin ƙarfe da kwaɗo mai lamba uku ya wadatar. A ajiye shi wurin mai shago ko mai shayin da aka yi yarjejeniya da shi, a biya shi ladan tsaro, a wuri mai inuwa da wurin zama. A ciki a sa dabino ko alewa, da kaye da rukunoni za su rubuta sunansu da lokacin da suka ɗauka. Lambar kwaɗon ta fito daga tashoshin duka, kada ta zama shekarar da kowa zai iya cinka. Misali, amsoshin tasha 1 da 2 a haɗa su ba da lamba ta farko, 3 da 4 ta biyu, sauran ta uku, in jimla ta kai goma a ɗauki lambar ƙarshe. Haɗa haruffan suna ɗaya ba ya aiki: wanda ya sami T da N da M ya riga ya san Tanimun ne, sauran tashoshin sun zama banza. Ku sa ma'aunin duba kai a tsakiya, kamar “amsoshinku huɗu na farko in an tara su 23 ne”, don kada kuskuren tasha ta biyu ya ɓoye sai a gaban kwaɗo, inda ba mai ƙarfin komawa.

Ba da gari

Tunda babu ɗan jagora, dole littafin ya ceci wanda ya maƙale. Al'adar kacici-kacici ta riga ta ba mu hanya: wanda ya kasa ya ce “na ba ka gari”, a faɗa masa amsa. Kowace tasha ta sami taimako hawa biyu a shafin baya, a naɗe a manne. Hawa na farko ya nuna inda za a duba, na biyu ya faɗi amsa da wurin da za a nufa. Buɗe na farko ƙarin minti 5 a lokacin rukuni, ba da gari ƙarin minti 10. A rubuta a shafin farko cewa duk wanda ya yi kwata, wato minti 15, a tasha ɗaya ya buɗe. Mutane na jin nauyin ba da gari, sai su tsaya a rana a ƙofar gidan mutane har maigida ya gaji da su.

Tarihin da za a sa a ciki

Bayanin kowace tasha ya zama gajere kuma tabbatacce. Kisan Kyaftin Cazemajou a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, yaƙin Tirmini da shigar Faransawa garin a Yuli 1899, tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa a 1906 bisa zargin shirya tawaye, zaman Zinder hedkwatar mulkin Nijar daga 1911 zuwa 1926: waɗannan an rubuta su, kuma rubuce-rubucen André Salifou, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa, su ne wurin farawa. Inda littattafai suka saɓa, kamar shekarar da sarauta ta zauna a Zinder, wasu na kai ta ƙarni na 18 wasu farkon na 19, kada a mai da shi tambaya. Abin da aka ji a bakin dattawa a rubuta “dattawan unguwa sun ce”, daraja ce gare shi ba ragi ba.

Ɗan labari yana ɗaure tashoshi: ku ce mai wasa yaron madugu ne da aka aiko da wasiƙa zuwa fada, kowace tasha tana ba shi abin da zai wuce da shi. A faɗa a fili cewa yaron ƙirƙira ne, kuma kada a sa wa sarki ko malami na gaske maganar da bai yi ba. Tarihin garin yana da yaƙi da bauta a cikinsa, ana iya faɗin haka a bayani da natsuwa, amma kada tambaya ta taɓa asalin wani gida ko wata zuriya. Jikokinsu na zaune a ƙofar da za a tsaya.

Kaya, rana da lokaci

Takardar A4 uku, a buga gaba da baya a ninke biyu, sun ba da shafi 12: ɗaya na ƙa'idoji, ɗaya na taswira, bakwai na tashoshi, ɗaya na tara lambobi, biyu na ba da gari. A buga da manyan haruffa baƙaƙe, domin hasken rana na cinye rubutu mai launi. Kowane rukuni littafi biyu da fensir biyu; littafi ɗaya yana sa mutum ɗaya ya yi wasan, sauran su bi shi. Mai son salula a tura masa shafukan a hoto ta WhatsApp tun daren jiya ya sauke su, amma shafin ba da gari ya zauna a takarda, don yatsa ba ya haƙuri. Kada a manna komai a bango, kada a yi alama da alli ko fenti: manne yana ɓamɓaro yaɓe, yara kuma za su cire shi kafin azahar.

Ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, daga gida. Kowa ya san ƙarancin ruwa a Zinder, bai dace mutum ashirin su riƙa sallama a gidajen Birni suna roƙon na sha ba. Takalmi mai rufi ya fi silifa saboda duwatsu da kwata. Hula ko mayafi, da ƴan canji don sayen wani abu a wurin dukawa, domin wanda aka tsaya a rumfarsa ya ga amfanin tsayuwar.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kada a fitar da yara. A fara da ƙarfe 7 da rabi na safe a gama kafin 11. Bayan la'asar ana iya yi, amma abin da ke tsakaninta da magariba bai fi awa biyu da rabi ba, sai a rage tashoshi zuwa biyar. Asabar da Lahadi sun fi. Juma'a kewayen fada da masallaci na cika tun hantsi, Alhamis ranar kasuwa ce gari na cunkushe, ranakun Sallah kuwa ƙofar fada ta hawa ce da kallon hawan ƙaho. Rukuni mutum uku zuwa biyar, a sake su da tazarar kwata, kuma kada a wuce rukuni huɗu a safiya guda. Yara ƴan ƙasa da shekara 12 su tafi da babba, wanda aikinsa tsallakar da su hanya ne, ba ba da amsa ba. A shafin farko a sa lambar wayar mai shiri, a kuma rubuta: a yi sallama, a tsaya in ana salla ko an fito da gawa, kada a ɗauki hoton mutum sai da yardarsa.

Yaran unguwa za su bi rukuni na farko, kafin na uku ya iso sun haddace amsoshi suna faɗa da ƙarfi. Korar su ba ta aiki kuma ba ta dace ba, unguwarsu ce. Ku shirya littafi iri biyu masu tashoshi ɗaya da tambaya daban: ɗaya ya ƙidaya zankwaye, ɗaya indararo, kowanne da lambar kwaɗonsa. In an gama, a ba yaran nasu littafin su ma su yi.

Gwaji, da abin da damina ke yi

Mai rubuta tambaya ba ya iya gwada ta, domin ya san amsa. Ku ba mutum uku da ba su ga shirin ba, ɗaya a cikinsu wanda ba ɗan Birni ba, ku bi su a baya da tazara, baki a rufe. Ku rubuta minti nawa kowace tasha ta ci da inda suka juya ba daidai ba. Tashar da ta ci ƙasa da minti 2 ta yi sauƙi. Wadda ta haura kwata, laifin rubutun ne, a gyara shi. In sun kawo amsar da ba taku ba kuma suna da hujja, su ne da gaskiya. A gyara, a sake ba wasu ukun daban, a daidai sa'ar da za a yi wasan, domin zanen da ke fitowa sarai da hasken safe yana ɓacewa in rana ta daidaita a kansa.

Ginin ƙasa yana sauyawa kowace shekara. A farkon Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19 da garin ke alfahari da shi. In irin wannan gini ya tafi a rana ɗaya, zankon gidan talaka ba shi da tabbas. Wani gidan a yaɓe shi da siminti zanen ya shafe, wani a sa masa ƙofar ƙarfe, wani lungun a toshe shi. Saboda haka a buga wata da shekarar dubawa ta ƙarshe a bangon littafin, a sake bin hanyar gaba ɗaya a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, a kuma leƙa ta kwana ɗaya kafin kowane wasa. Ku tanadi tasha ta takwas da ta tara a rubuce don maye gurbi, masu ba da lamba ɗaya da wadda za su gada, ko kuwa a sauya lambar kwaɗo. Duk tashar da kuka zaɓa, ku ɗauki hoton fuskar ginin da yardar mai shi, ku rubuta kwanan wata da sunan unguwa, ku ba maigidan kofi ɗaya, ku ajiye ɗaya tare da littafin shekarar.